Bango ɗaya, fitila ɗaya, fuskar baƙar mace: mutuntawa ce ko tallatawa?

Hauwa Kulu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun shekaranjiya, na ce bari in kawo shi nan ko zan samu masu taya ni dubawa. Kun san ina koyon haɗa bidiyo. Malaminmu ya ba mu aiki, kowa ya nemo bidiyon waƙa da aka yi da kaya mafi ƙaranci, ya faɗi abin da ya sa ya ratsa mutane. A wajen neman ne na ci karo da “Cold War” na mawaƙiyar Amurka Janelle Monáe, wanda Wendy Morgan ta ba da umarninsa a 2010. Babu mota, babu gida, babu 'yan rawa. Baƙin bango ne, sai fuskarta daga kafaɗa zuwa sama, kyamara a kafe wuri ɗaya, ɗauka guda tun daga farko har ƙarshe. Ko lambobin lokaci da ke gudu a ƙasan allo ba a goge ba. Tana cikin bin waƙar da baki, da aka zo baitin da ke maganar yadda aka sa ta yarda cewa akwai wani aibu tattare da ita, sai bakin ya kasa. Ta yi ƙoƙarin murmushi, ta kau da kai, hawaye ya gangaro. Waƙa na tafiya, ita ta tsaya. Ba su yanke ba, ba su ce a sake ba.

Sau biyar na kalle shi a dare ɗaya. Abin da ya girgiza ni shi ne, duk tsawon shekarun da na yi ina kallon bidiyon waƙoƙin Amurka, ban taɓa zama minti uku cur ina kallon idon baƙar mace ba. Kullum ƙugunta ake nuna mini, ko gashin da aka ƙara mata, ko motar da ta jingina da ita. Shi ne nake tambaya: wannan salo na rage kaya, wanda Turawa ke kira minimalizim, anya ba shi ne ya fi mutunta baƙar mace ba? Ni dai zuciyata ta karkata can.

Abdul Edita:
Wa alaikumus salam Anti Hauwa. Kada ki bar maganar kuɗi a baya. Bango ɗaya da fitila biyu sun fi araha a kan hayar katafaren gida da motoci da 'yan rawa hamsin. Kuma tun da kallo ya koma kan waya, fuska ɗaya a kan launi ɗaya ita ce ke tsayar da yatsan mai latsawa. Dubi COLORS, masu shirin waƙa a YouTube na birnin Berlin, da suka fara a 2016: ɗaki mai launi guda, makirfo na reto daga sama, mawaƙi shi kaɗai. Little Simz ta yi a can, Fatoumata Diawara ta yi, Ayra Starr ta yi. Kasuwa ce ta gano abin da ke sayuwa a ƙaramin allo. Ban ce babu kyau ba, amma ban yarda don a mutunta wata aka ƙirƙiro shi ba.

Malama Rabi:
Hauwa 'yata, ban ƙi maganarki ba, sai dai kin ɗauki misali ɗaya kin yanke hukunci da shi. Wane bidiyo ne ya fi shahara a wannan salon? Ai “Single Ladies” ne na Beyoncé, 2008. Shi ma babu komai a cikinsa: farin fili marar kusurwa, hoto baƙi da fari, mata uku. To amma da aka zo kwashe kayan ɗakin, an haɗa har da suturar matan. Abin da ya rage cinya ce da ƙugu da dogon takalmi. Idan ɗaki cike yake da kaya, ido yakan yi yawo. Idan aka share shi tas, ido ba shi da wurin zuwa sai jikinta. Share fili shi kaɗai ba mutunci ba ne. Sai an duba abin da aka bari a tsakiyar filin, da inda aka saita kyamara, a kan ido ne ko a kan ƙugu.

Hauwa Kulu:
Gaskiya ne Malama, ban sa wannan a lissafi ba. Amma ko a nan ɗin ina ganin akwai bambanci da sauran bidiyoyin lokacin, na dai rasa yadda zan faɗe shi.

Anti Bilki Atlanta:
Bari in taya ki faɗa, Hauwa. Malama, ki yi mini afuwa in shigo nan, don ina garin nan lokacin da ake rigimar da ta gabaci wannan bidiyon. Sai mutum ya san daga inda aka fito kafin ya gane abin da ya sa wasu matan nan suka ji kamar an sauke musu kaya.

A farkon shekarun 2000 BET, tashar talabijin ta baƙaƙen Amurka, tana da wani shiri na tsakar dare mai suna Uncut, inda ake sa bidiyoyin da ba a iya nunawa da rana. A nan aka riƙa nuna “Tip Drill” na mawaƙi Nelly, na 2003. Mata ne birjik a gida da wurin wanka, babu wadda aka san sunanta, har aka kai inda ya goga katin banki a jikin wata kamar na'urar cirar kuɗi. A 2004 gidauniyarsa ta shirya zuwa kwalejin Spelman, makarantar baƙaƙen mata zalla da ke nan Atlanta, don neman masu ba da gudummawar ɓargo, saboda 'yar'uwarsa tana fama da sankarar jini. Ɗaliban suka ce yana iya zuwa, amma sai ya zauna ya amsa tambayoyinsu a kan wannan bidiyon. Aka soke taron. Garin nan ya rabu biyu, wasu na cewa yaran sun hana aikin ceton rai, wasu na cewa sun yi abin da iyayensu suka kasa. Ni ma a lokacin na rasa inda zan tsaya, don ina aikin jinya, na san darajar mai ba da ɓargo guda ɗaya.

To shekara huɗu bayan haka sai ga “Single Ladies”. Ni abin da na gani a cikinsa aiki ne. Babu namiji ko ɗaya a allon. Babu wanda ake zauna wa a cinya, babu mai watsa musu kuɗi ko giya. Kyamara ta ja baya ta nuna su daga kai har ƙafa, ka ga kowane taku, ka ga numfashi, ka san an yi gumi. Frank Gatson da JaQuel Knight ne suka tsara rawar. Sun ɗauko tushe daga wata rawar Bob Fosse da Gwen Verdon ta yi da wasu mata biyu a shirin talabijin na Ed Sullivan a 1969, suka gauraya da salon 'yan matan faretin jami'ar Jackson State ta jihar Mississippi, inda ɗaya ke bayarwa sauran su amsa, kamar zabiya da 'yan amshi. “Single Ladies” ne ya ci kyautar bidiyon shekara ta tashar MTV a 2009. Maganar sutura kuwa, Malama, ina tare da ke, ba zan so 'yata ta fita haka ba. Amma tsakanin matar da aka ajiye a matsayin kayan ɗaki da matar da ita ce mai ɗakin akwai tazara.

Malama Rabi:
Bilki ƙanwata, na ji, kuma na gode da tarihin. Amma ni duk lokacin da na ga baƙar mace ita kaɗai a kan dandamali fetal ana kallo, Sarah Baartman nake tunawa. An ɗauko ta daga Afirka ta Kudu aka kai ta Landan a 1810, aka riƙa tsayar da ita a kan dandamali mutane na biyan kuɗi suna kallon ƙirar jikinta. Ta rasu a Paris a 1815. Ko bayan mutuwa ba a ƙyale ta ba, ƙasusuwanta da gunkin jikinta suna ajiye ana nunawa a gidan tarihi har shekarun 1970, kuma sai a 2002 aka mayar da ita gida aka binne. Ita ma babu mota a bayanta, babu ado, babu hayaniya. Fili ne da jiki da 'yan kallo. Ban ce Beyoncé ita ce Baartman ba, Allah ya kiyaye, ita da kuɗinta da ikonta ta yi. Amma idon da ke kallo daga can ƙasa, wa ya ba mu tabbacin ya canza?

Abdul Edita:
Malama ta taɓo wani wuri. Ko namiji bai tsira ba. Mawaƙi D'Angelo ya yi bidiyon “Untitled” a 2000, baƙin bango, shi kaɗai, babu riga, kyamara na bin jikinsa a hankali. Bidiyon ya yi tashe fiye da zato, sai ya zamana in ya hau dandamali ana yi masa ihu ya cire riga, shi kuwa kiɗansa yake so a saurara. Daga nan ya janye jikinsa, shekara 14 kafin ya sake fitar da wani kundin. Idan ka tsaya kai kaɗai a fili, babu abin da za ka raɓe a bayansa.

Malam Sani Mai Hoto:
Salamu alaikum. Tun ɗazu nake karantawa, duk kuna maganar abin da aka sa a gaban kyamara. Ni bari in yi maganar kyamarar da kanta, don a nan na ci abinci shekara talatin, tun zamanin ɗakin wanki da nagatif.

Kyamara ba ta da ido, lissafi take yi. An gina ma'aunin haskenta a kan cewa duk abin da ke gabanta, in aka gauraya shi, zai ba da ruwan toka. To ka tsayar da mace mai duhun fata a gaban farin bango, ko ka sa mata farin leshi. Kyamara za ta ga fari ya yi yawa, ta tsuke ƙofar haske, fuskar ta nutse, sai haƙori da farin ido. Wanda bai iya ba sai ya buga mata filas gaba da gaba, goshi ya yi ƙyalli kamar an shafa mai, kumatu su yi toka-toka kamar wadda ta kwana a bakin murhu. Na sha ganin amarya ta karɓi hotonta ta yi shiru, ta mayar cikin ambulan.

Kuma wannan ba ƙaddara ba ce, mutane ne suka tsara. Tun shekarun 1950 kamfanin Kodak yakan aika wa masu wankin hoto wani kati mai hoton Baturiya, ana kiransa katin Shirley. Da shi ake saita injin wanki: in fatar Shirley ta fito daidai, an ce komai ya yi daidai. Wata mai bincike 'yar Kanada, Lorna Roth, ta bi diddigin abin, ta gano cewa cikin waɗanda ƙorafinsu ya sa aka gyara yadda fim ke kama launin ƙasa-ƙasa akwai masu sayar da cakulan da masu kayan katako, don tallarsu ba ta bambanta katako mai duhu da mai haske. Sai a 1995 aka fito da katin da ke da baƙar mace da Baturiya da 'yar Asiya tare. Ku duba fa, kujera ta riga mutum samun gyara.

Shi ya sa nake girmama bidiyon da Hauwa ta kawo. Bango ɗaya da fuska ɗaya shi ne jarrabawa mafi wuya ga mai fitila, don babu inda zai ɓoye kuskurensa. Baƙar fata ba haske mai ƙarfi take so ba, haske mai faɗi take so. Kamar madubi take, abin da ka ajiye a gabanta shi za ta dawo maka da shi. Ni farin zane nake kafawa a gefe in harba fitila a kansa, ba a kan mutum ba, in auna hasken a kumatunta ba a rigarta ba, in roƙi mai kwalliya kada ta kashe fuskar da hoda, a ɗan taɓa man kaɗanya a saman kunci. Sai ka ga launukan da ke cikin fatar sun taso, wata ja-ja take kamar jan ƙarfe, wata shuɗi-shuɗi kamar turkuɗi. Ava Berkofsky, wadda ta ɗauki shirin Insecure na Issa Rae, ta yi bayani makamancin wannan, cewa a bar fata ta yi sheƙinta. Mu mun koya ne da kuskure a wuraren biki, su sun koya a Hollywood, amma ilimin ɗaya ne.

Ummi:
Baba Sani wallahi ka sa na tuna abin da nake ƙoƙarin mantawa. Da muka gama makaranta na je wani situdiyo ɗaukar hoton yaye ɗalibai. Farin bango ne, babu komai, irin wanda ake yayi. Da aka turo mini hoton sai na ga wata yarinya wankan tarwaɗa mai siririn hanci sanye da hulata. Na kai wa Mama, ta daɗe tana kallo, ta ce “wannan ƙawarki ce?” Na koma na yi magana, yaron ya ce mini ai gyara miki aka yi, kowa haka yake so. Kuɗin da na tara wata biyu ne. Ban taɓa rataye hoton ba. Don haka ni in an ce bango ɗaya fuska ɗaya, tambayata ita ce, fuskar wa za ta fito a ƙarshe?

Malam Sani Mai Hoto:
Ki yi haƙuri 'yata. Wannan ba gyara ba ne, rashin iya fitila ne aka rufe da kwamfuta. Allah ya shirye mu masu sana'ar.

Nafisa Landan:
Ummi ƙanwata, abin da aka yi miki an yi wa waɗanda duniya ta sani. Ni a wannan salon babu wadda ta kai mini mawaƙiya Solange, ƙanwar Beyoncé. A 2016 ta fitar da kundin A Seat at the Table, da bidiyo biyu, “Cranes in the Sky” da “Don't Touch My Hair”, ita da Alan Ferguson suka ba da umarni, Arthur Jafa ya riƙe kyamara. Ku je ku kalli na farkon. Kyamara ba ta gudu, ba ta leƙe. Solange na tsaye a gindin dutse ko cikin wani makeken gini wayam, ita 'yar ƙarama a tsakiyar fili, wani lokaci da wasu mata a jere, sun jingina da juna, ba sa yi wa kowa murmushi, ba sa kiran kowa da ido. Hutawa suke yi. Sai da na kalla na gane ban saba ganin baƙar mace tana hutawa a allo ba. Ko dai tana rawa, ko tana faɗa, ko tana wahala.

To shekara ɗaya bayan wannan, a watan Oktoba na 2017, mujallar Evening Standard ta nan Landan ta ɗauke ta hoton bango. An yi mata wani kitso da ya tashi sama kamar kambi, zagaye guda a saman kai. Da mujalla ta fito, babu kambin, an goge shi da kwamfuta don hoton ya zauna tsaf a shafi. Matar da ta yi waƙa sukutum tana cewa kada a taɓa mata gashi, kuma a cikin hirar ma ta yi maganar darajar kitso. Sai da ta nuna asalin hoton a Instagram sannan suka ba da haƙuri. Wata guda bayan haka mujallar Grazia ta yi wa 'yar fim Lupita Nyong'o irin wannan, aka share mata gashin da ta ɗaure a ƙeya aka kwantar da sauran. Kun ga inda matsalar take. Mai son hoto marar tarkace dole ya zaɓi abin da zai kira tarkace. Su a idonsu gashinmu ne tarkacen.

Musa Damagaram:
Hajiya Nafisa kin riga ni. Wannan tunani yana da asali. Akwai wani mai zanen gine-gine na birnin Vienna, Adolf Loos, da ya yi wata shahararriyar lacca wajen 1910 inda ya haɗa ado da laifi. Hujjarsa ita ce al'umma tana wayewa ne gwargwadon yadda take barin ado, ya kawo misali da mutanen Papua masu zane a jiki a matsayin waɗanda aka bari a baya. Daga irin wannan tunani aka gina ɗanɗanon da ke cewa farin bango shi ne wayewa, zane da launi kuwa ƙauyanci. To mu fa? Lalle, kitso, murjani, atamfa mai fure a kan tabarma mai zane. Seydou Keïta, mai hoto ɗan Mali, ya buɗe situdiyonsa a Bamako a 1948, bangonsa na farko zanen gadonsa ne, daga baya yadudduka masu zane. Mace za ta zauna da riga mai zane a gaban bango mai zane, kuma babu wanda ya kalli hoton ya ce ta ɓace. Kowa ya ga zabuwa da zanenta ya gan ta.

Ko a Amurkar ma, ku tuna Missy Elliott a 1997, bidiyon “The Rain” na Hype Williams. Baƙa ce, mai jiki, a lokacin da ake neman siririya mai haske. Ta shiga wata baƙar riga da aka hura wa iska ta zama kamar balan-balan, kyamara ta kumbura mata fuska, ta cika allon gaba ɗaya. Babu abin da aka rage a wannan bidiyon, amma wa zai ce ba ta ƙwaci 'yancinta ba? Tsorona kada mu wayi gari muna cewa baƙar mace mai daraja ita ce mai shiru cikin riga ruwan ƙasa, mai launi da ƙara kuwa ba ta da aji.

Hauwa Kulu:
Yaya Musa na yarda da rabin maganarka. Amma kada mu miƙa wa Turawa sauƙi da natsuwa kamar su suka ƙirƙiro su. Tracy Chapman ta hau dandamalin Wembley a 1988, wajen bikin cikar Mandela shekara 70, daga ita sai jita, ta sa filin ƙwallo guda ya yi tsit. Wannan ba daga Vienna ta koyo ba.

Nafisa Landan:
Hauwa ta yi gaskiya, kuma ga shaida daga gida. J.D. 'Okhai Ojeikere, mai hoto ɗan Najeriya, ya fara ɗaukar kitson mata a 1968, ya tara hotuna kusan dubu kafin rasuwarsa a 2014. Baƙi da fari ne, bango wayam, babu komai sai kai da wuya. Amma shi ya share bango ne don kitson ya tsaya kamar gini, ka ga kowace tsaga, ka ga hannun makitsiya. Mujallar Landan ta share kitso don bango ya yi kyau, Ojeikere ya share bango don kitso ya yi kyau. A ido salon ɗaya ne.

Malama Rabi:
Na san hotunan, ina da su a waya, nakan nuna wa ɗalibaina shuku da doka irin na da. Da yawansu daga ƙeya ya ɗauka, ba a ganin fuska. Wata ɗalibata ta ce ita wannan bai yi mata ba, an mayar da mace kai marar suna. Ni kuma a wurina sutura ce, an nuna fasaharta an bar mata fuskarta. Mun yi ta ja har aka kaɗa ƙararrawa, ba mu daidaita ba.

Anti Bilki Atlanta:
Musa, tsoron nan naka ni a gida nake ganinsa. 'Yata shekararta 16. Bara ta kwashe duk atamfofin da kakarta ta aiko mata ta tura ƙasan akwati, ta koma fari da ruwan toka da ruwan madara, ta ce su ne tsafta. Na tambaye ta, to su waɗancan ƙazanta ne? Ta yi shiru. Ban yi mata faɗa ba, don na san inda ta gani, kuma na san a makarantarsu yarinya baƙa mai launi da murya ita ake fara kira mai rawar kai. Kada ku manta sai a 2019 jihar California ta fara yin dokar hana korar mutum daga aiki ko makaranta saboda kitso ko gashinsa na asali. Jiya-jiyan nan.

Amma na zaunar da ita na ba ta labarin Janelle Monáe ɗin da Hauwa ta fara da ita. Shekaru ta yi ba ta sa komai sai kwat baƙi da farar riga. Da ta faɗi dalili, cewa ta yi kayan aiki ne, don girmama iyayenta, mahaifiyarta mai shara da goge-goge ce, mahaifinta direban motar kwashe shara a Kansas City. Na ce wa 'yata, wannan ta rage ado ne don ta tuna gidansu. Ke in kin rage naki, ki tabbata ba don ki manta da naku ba ne.

Abdul Edita:
Na dawo kan maganata ta kuɗi amma ta wata ƙofa. A ɗakin haɗa bidiyo ake yanke hukuncin ƙarshe, kuma mai biya shi ke tsaye a bayanka. Hawayen Monáe, da wani ne mai iko, cewa zai yi a sake ɗauka, bakinta bai bi waƙa ba. Ni kaina an sha tsayawa a kaina a ce ƙara mata haske, ƙara, ƙara, har sai na ga mutum ya koma wani. Wani lokaci nakan yi gardama, wani lokaci ina bukatar kuɗin. Solange ta iya barin matan nan su huta a allo ne don ita ce mai cewa a yanke.

Ummi:
Yaya Abdul, ranar da ka yi gardamar, me kake ce musu?

Abdul Edita:
Nakan ajiye hoton asali kusa da wanda aka ƙara wa haske in ce su kira mai fuskar ta zaɓa. Sau da yawa ba sa kiranta. Sau biyu an kira. Ɗaya ta zaɓi nata na asali, ɗaya ta zaɓi mai hasken, ta ce in ma ƙara. Wannan ta biyun ta fi damuna har yau.

Hauwa Kulu:
Na gode muku ƙwarai. Na shigo da amsa a hannuna, yanzu na ajiye ta. Na yi magana da malaminmu, ya amince in sauya aikin: maimakon in rubuta bayani a kan bidiyon wata, zan ɗauki nawa na minti biyu. Ummi, in kin yarda ke nake so. Ba waƙa, ba rawa, ki zauna kawai ki ba da labarin hoton nan yadda kika ba mu, kuma babu abin da zai fita sai kin gani kin ce ke ce. Bangon ma ke za ki zaɓa, wayam ko mai zane. Baba Sani, ba ni da fitilun situdiyo, daga waya sai ƙafar kyamara ta aro. Zai yiwu?

Ummi:
Na yarda Anti. Zanen Mama nake so a bayana, wani shuɗi mai tambarin tsuntsaye da ta yi goyona da shi.

Malam Sani Mai Hoto:
Zai yiwu mana. Keïta da hasken rana ya yi yawancin aikinsa, a tsakar gida. Ku nemi inuwar bango wajen ƙarfe biyar na yamma, kada rana ta taɓa ta kai tsaye. Hauwa, ki kashe duk wata filtar gyaran fuska da ke wayar, ki danna yatsa a kuncinta ki kulle hasken a nan, in zanen baya ya ɗan yi fau ki bar shi. Ki taho da farin zanen gado, mutum ɗaya ya riƙe shi daga gefen hagu, kamar taku biyu daga fuskarta. Ummi, kada ki sa hoda, kuma ki zo da kitsonki yadda yake. Ranar Asabar ba ni da biki sai dare, zan zo in riƙe muku zanen.